Daga Kance Zuwa Landan: Abubuwan Mamaki 15 Kan Fassarar Littattafan Addini da Hausa

Duk wanda ya san Babban Mutum, a Ƙaramar Hukumar Baure ta masarautar Daura, ya san mutanen tsallaken iyaka 'yan uwa ne: harshe ɗaya, auratayya ɗaya, cinikayya ɗaya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Hausar wannan yanki, wadda ake yi daga Baure zuwa Magarya, daga Daura zuwa Kance, tana cikin Hausar farko da injin ɗab'i ya buga a duniya. Littattafan na addinin Kirista ne, sunayen da ke bangonsu na Turawa ne, amma bakin da ya furta kalmomin na 'yan ƙasa ne. Tarihin nan namu ne, Musulmi da Kirista, ya kuma kamata mu san shi. Ga abubuwa 15 a taƙaice.

1. Yaron Dambanas

An haifi Dorugu a wajen 1839 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, arewa da Daura, cikin jihar Damagaram ta yau. A zamanin nan ƙasar Daura ta rabu uku sakamakon jihadi: birnin Daura a hannun Fulani, sai Zango, sai Baure, biyun ƙarshe kuwa suna ƙarƙashin inuwar Sarkin Damagaram. Dorugu yana ɗan yaro aka kama shi a wani hari, aka sayar da shi, daga wannan hannu zuwa wancan har Kukawa, babban birnin Barno. A can wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega.

2. Jirgin ruwa a bayan raƙumi

Shi wannan Overweg da jirgin ruwa ya taho tun daga Tarabulus. An rarraba jirgin kashi-kashi, raƙuma suka ƙetare Sahara da shi, aka harhaɗa shi a bakin Tafkin Cadi a 1851. Shekara ta zagayo zazzaɓi ya kashe mai jirgin. Yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Suka bi shi Katsina, Sakkwato, Gwandu, har Tambutu a 1853. Suka juyo, suka yanki hamada zuwa Tarabulus, suka sauka Landan a watan Satumba na 1855. Dorugu bai cika shekara ashirin ba, amma ya ga abin da fataken Kano da yawa ba su gani ba.

3. Malamin Hausa da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba

James Frederick Schön, Bajamushe ne ɗan mishan na ƙungiyar CMS, an haife shi a 1803. A Saliyo ya fara jin Hausa, a bakin bayin da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku aka sauke su a can. A 1841 ya shiga ayarin jiragen da suka hau kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther, zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, ayarin ya koma bai kai ƙasar Hausa ba. A 1843 ya buga littafinsa na farko na kalmomin Hausa. Daga baya ya rubuta nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, Faransa ta ba shi lambar yabo, Jami'ar Okisfod ta ba shi digirin girmamawa. Har ya rasu a 1889 ƙafarsa ba ta taka Kano ko Katsina ko Daura ba. Su wane ne malamansa? Bayin Saliyo, sai Dorugu da Abbega, waɗanda suka zauna gidansa a Ingila.

4. Shekarar da injin ɗab'i ya kama aiki

Shekara biyu kacal da saukar Dorugu a Ingila, littattafai suka fara fitowa. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da ta Yahaya da Ayyukan Manzanni da Hausa. A 1858 littafin Farawa, a 1859 littafin Fitowa. Sabon Alkawari ya kammala a 1880. Saurin nan ba daga sama ya faɗo ba. Schön ya yi shekaru yana fama da Hausar tsince-tsince, sai ga yaro a ɗakinsa mai Hausa a baki, wanda ya sha ta a nono. Da shi ake gwada kowace jimla, a ji ta zauna ko ba ta zauna ba.

5. Bahaushen da ya fara ba da labarin Turai

A 1885 Schön ya buga littafin Magana Hausa. A cikinsa akwai tatsuniyoyi da karin magana, akwai kuma tarihin rayuwar Dorugu daga bakinsa: ƙuruciyarsa, kamunsa, tafiyar Tambutu, ƙishirwar hamada, da yadda ya ga Turawa suna cin abinci da zaman gida a ƙasarsu. Turawa sun rubuta ɗaruruwan littattafai kan yadda suka gan mu; wannan na cikin na farko da Bahaushe ya faɗi yadda ya gan su, da harshensa. Duk da haka sunan da ke bangon littafin na Schön ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarin da Turanci, da sunan mai shi a sarari.

6. Ɗaya malami, ɗaya sarki

Abbega ya riga dawowa, a 1857. Ya zauna Lakwaja, ƙarshenta ya zama sarkin garin a 1896. Jikansa Maimaina kuma ya zama Sarkin Askira a ƙasar Barno. Dorugu ya dawo a 1864, ya yi shekaru yana aikin tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Nasarawa ta Kano, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909, makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa. A Kano ya rasu a 1912. Yaron da aka sayar a kasuwa shi ne ya tsaya gaban 'ya'yan sarakuna yana koya musu rubutu.

7. Zabura a mahaɗar Kwara da Binuwai

William Balfour Baikie likita ne ɗan Sikotilan. A 1854 ya hau kogin Binuwai da jirgi, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo ko mutum ɗaya bai rasa ba, abin da ba a taɓa gani ba. A 1857 jirginsa ya bugi dutse kusa da Jabba ya nutse, bai koma gida ba. Ya kafa zango a Lakwaja, ya sa riga da wando irin namu, ya hau doki ya ziyarci Kano a 1862. A zaman nan ya fassara Zabura da Hausa, amma bai ga bugunta ba: ya rasu a Saliyo a 1864, littafin ya fito a 1881. Garin nan na Lakwaja shi ne kuma inda Turawa suka kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi duk a can kaburburansu suke.

8. Makarantar koyon Hausa a Tarabulus

Baturen da ke son koyon Hausa a ƙarshen ƙarni na 19, Libiya yake zuwa. Tarabulus cike take da fatake da alhazai da 'yantattun bayi masu jin Hausa. A can Charles Robinson ya fara koyo, kafin ya iso Kano a Disamba 1894. Yayansa John Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891 yana tsakiyar aikin fassara, aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila don tunawa da shi. Charles ya koma da takardun waƙoƙin ajami, ya buga su a 1896, ya kuma koyar da Hausa a Jami'ar Kambirij. Ke nan an karantar da Hausa a jami'ar Ingila tun kafin Turawa su ci Kano. A Tarabulus ɗin ne kuma wani ɗan mishan, Walter Miller, wato Likita Mila, ya haɗu da wani yaro Abdulmajid, mai niyyar Makka, wanda daga baya ya zama babban mataimakinsa.

9. Kwana uku

A watan Afrilu na 1900 Turawan mishan biyar na CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, suka shiga Kano ba tare da gayyata ba, cikinsu har da Walter Miller, wato Likita Mila. Sarkin Kano Alu ya gan su a fada, ya ƙi ba su izinin zama, ya ba su kwana uku su fice. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A Girkun nan ne kuma Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa mishan ɗin SIM, ya rasu a 1894. Ƙaramin gari, amma manyan ƙungiyoyin mishan biyu na Arewa kowace ta binne nata a can tun ba ta kafu ba. Cocin ECWA, wanda aka kafa a 1954, daga SIM ya fito.

10. Isawa, tun kafin zuwan Bature

Wannan yana cikin abubuwan da suka fi ba masana mamaki. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, har ya tara mabiya masu ba shi matsayi na musamman. Hukuma ta ɗauki abin a matsayin fita daga hanya, aka kashe shi a Kano. Mabiyansa suka watse zuwa Ningi da gabashin Zazzau, ana kiransu Isawa. Ba ɗan mishan ya koya musu ba. Sai a 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka je wurin Likita Mila a Zariya. Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya yi musu mummunar ɓarna, sauran suka tashi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Arewa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga wannan tsatso ya fito.

11. Shekara 75 kafin a kammala

Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, yana magani, yana koyarwa, yana fassara. A 1929 mishan ta koma Wusasa, bayan gari, inda aka gina cocin ƙasa da tubali da azara irin ginin Hausa, wanda ke tsaye har yau. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, shi ne jagoran aikin, da taimakon wasu ƙungiyoyin mishan da malaman Hausa da suka zauna da shi shekara da shekaru. Daga 1857 zuwa 1932, shekara 75 ke nan. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1980. Abin lura, mafi yawan masu karanta littafin ba Hausawa ba ne: Birom, Angas, Bajju, Tangale, Bura da sauransu, waɗanda suka riƙi Hausa harshen ibada da waƙoƙin coci. Kasuwa da sarauta sun kai Hausa nesa, coci ma ya kai ta tsaunukan da doki bai hau ba. Mila ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.

12. Abin da Wusasa ta haifar

Daga ƙaramar makarantar mishan ta Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya jagoranci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Masu sha'awar adabi kuma su lura: cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. Adabin Hausa na zamani da hannu biyu aka ɗora harsashinsa, na Musulmi da na Kirista.

13. Haruffa masu ƙugiya sun zo a makare

An buga wasu sassan Linjila da ajami, domin shi mutane suka iya karantawa. Amma Mila ya tsaya kan boko, ya kuma shawarci Gwamna Lugga da haka, gwamnati ta bi. Matsalar ita ce haruffan Turawa ba su da gurbin wasu sautukanmu, don haka littattafan farko ba sa bambanta kafa da ƙafa, ko bari da ɓari yadda ya kamata, alhali almajirin allo ya daɗe da sanin ɗa mai hannu. Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, aka yi ta gwada ɗigo da waƙafi. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939, ta kai su lungu-lungu. George Bargery, wanda shi ma da aikin mishan ya fara zuwa, ya fitar da ƙamusunsa mai kalmomi sama da 39,000 a 1934. Ya dawo Kano a shekarun 1950, yana tsoho, ganinsa ya yi rauni ƙwarai, don gyara fassarar Sabon Alkawari.

14. Mutanen Hangari sun sha irin wannan fama

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Hangari, tsakiyar Turai, da Latin ake ibada, harshen da talaka ba ya ji. A shekarun 1420 zuwa 1430 wasu limaman coci biyu, Tamás da Bálint, waɗanda suka ɗauki ra'ayin Jan Hus mai neman gyara, suka fassara Littafi Mai Tsarki da harshensu. Aka tsananta wa mabiya wannan ra'ayi, suka yi hijira zuwa Maldabiya. Asalin aikin ya ɓata, sai kwafe-kwafen hannu uku suka tsira, ɗaya an rubuta shi a 1466. Su ma haruffan Latin ba su ishe su ba, sai da suka ƙara musu alamomi don kowane sauti ya sami harafinsa.

János Sylvester ya buga cikakken Sabon Alkawari a 1541, a shekarar da Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya ci birnin Buda, inda Turkawa suka yi mulki har 1686. Cikakken littafin ya fito a ƙauyen Vizsoly a 1590, aikin Gáspár Károli da abokansa: shafi 2,412, nauyi kusan kilo shida. 'Yan Katolika suka fitar da nasu a 1626. A 2002 ɓarayi suka sace kwafin da ke ajiye a cocin Vizsoly, ƙasa ta ɗauki zafi, aka gano shi a shekara mai bi. Mutanen Hangari, mai zuwa coci da marar zuwa, suna ɗaukar littafin nan a matsayin ginshiƙin rubutaccen harshensu, suna kuma koya wa yara sunayen waɗanda suka yi aikin.

15. Musulmi sun riga, ta wata hanya

Wani zai ce, fassarar Alƙur'ani da Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi sai a 1979 ta fito, shekara 47 bayan ta Mila, me ya kawo jinkiri? Ba jinkiri ba ne, hanya ce daban. Musulmi da Larabci yake salla, don haka nassi ya zauna yadda ya sauka, ma'ana kuwa ta bi ta baki. Duk watan azumi alaramma ya ja baƙi, malam ya fassara, da Jalalaini a gabansa; haka ake yi a zauruka da masallatai tun kaka da kakanni. A Barno akwai rubutattun Alƙur'anai na ƙarni na 17 masu bayani da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta tafsirinsa Diya'ut Ta'awili da Larabci a wajen 1815. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa a wajen 1831, shekaru kafin Schön ya buga ko kalma ɗaya, jajinta kuma, wato matan da ta horar, suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ga matan karkara. Bayan ta Gumi, wadda aka yi ta bugawa a Madina ana raba wa alhazai, Shaihu Nasiru Kabara ya fitar da Ihsanul Mannan a ƙarshen shekarun 1980.

Kira ga mai karatu

Hausa ba ta zama harshen littafi da ƙoƙarin mutum ɗaya ko addini ɗaya ba. Malaman zaure sun yi nasu da tawada da alƙalamin kara, 'yan mishan sun yi nasu da injin ɗab'i, a tsakani kuma akwai 'yan ƙasa da suka ba da bakinsu da basirarsu, aka manta da su. Ya kamata sassan Hausa na Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Damagaram su sake buga labarin Dorugu da rubutun yau, a sa shi cikin littattafan sakandare. Malaman makaranta su ambaci sunansa a aji kamar yadda suke ambaton Abubakar Imam. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsofaffin takardun ajami a gafakar kakanka, ko tsohon littafin waƙoƙi a akwatin kakarka, kada ka bar wa gara da ɗigar damina. Ka ɗauki hotonsu da wayarka, ka adana su a busasshen wuri, ka nuna wa masana, ka kuma rubuta sunan wanda ya rubuta su da garinsu.